Ja Uku a Wuyan Hannun Zayyadu

Duk wanda zai yashe rijiya a garake, lambunan bayan Arlit, kafin ya nemi shebur sai ya tambaya ko Zayyadu yana gari. Ba shi ke shiga ba. Shi mai zama ne a baki, mai riƙon igiya. Mutumin Buza ne ta ƙasar Tawa, Ba'adare, dogo siriri, bai kai arba'in ba amma furfura ta keto masa a gemu. Ba ya shan kafe a teburin kowa, ko da kyauta ne. Ruwansa a bido, 'yar jarkar roba, yake yawo da shi, naɗe da tsumman buhu. A wuyan hannunsa na hagu akwai tabon da ya zagaye kamar awarwaro, kuma da la'asar ta yi sai a ga ya dafe wurin, ko da yana tsakiyar magana.

Shekara tara ke nan da ya hau arewa tare da taubashinsa Isma'ila, ɗan kawunsa, lokacin da labarin zinariyar Cibarakaten ya kwashe samarin ƙauyuka. Isma'ila gajere ne mai bakin tsiya. Ranar da suka fara tsayawa a bakin rami ya dubi Zayyadu sama da ƙasa.

"Kai bawana, da wannan tsawo naka in ka shiga sai ka toshe ramin. Zamna bisa ka riƙa wa ubangidanka igiya."

"Ubangidan wa?" in ji Zayyadu. "Shiga abinka. Dama gahiya aka sani da rami."

Haka suka raba aikin, kuma haka ya zauna shekara biyu.

Ramin ya kai gaba talatin. Da babbar igiya ake sauka, tana naɗe a jikin wani ƙarfe da mutum biyu ke juyawa. Injin da ke hura wa na ciki iska yana da ƙarar da ko ihu aka yi a ƙasa ba a ji. Shi ya sa akwai zare na biyu, siriri mai ƙarfi, bakinsa ɗaya a hannun na ƙasa, ɗaya ɗaure a wuyan hannun na sama. Ja ɗaya, sako igiya. Ja biyu, buhu ya cika. Ja uku, fitar da ni, numfashina yana ɗaukewa. Aikin na sama bai wuce wannan ba: ya ji.

A can tramol kamar goro yake. Mai kafe zai tambaye ka, "Da sauƙi ko da nauyi?" In ka ce da nauyi, ya ɓare ƙwaya ya zuba a kofi. Zayyadu ya fara da ɗaya saboda ciwon baya. Ta kashe ciwon, ta kashe yunwa, ta kashe kewar gida. Kafin shekara ta zagayo yana haɗiye shida kafin azahar. Isma'ila bai taɓa sha ba, ya ce shi haukansa na gado ya ishe shi.

"Wata rana sai an sa maka wuta ga wando ba ka ji ba," yake ce masa.

Ranar wata Talata aka fasa dutse a ƙasan ramin da safe. Aka jira hayaƙin nakiya ya fita, ko kuma aka ɗauka ya fita. Wajen la'asar Isma'ila ya ɗaura wa Zayyadu zaren da hannunsa, ya ja kunnensa don wasa, ya sauka. Zayyadu ya zauna a kan jarka yana kallon wani baƙin dutse can nesa. Ba barci ya yi ba. Idonsa biyu, kuma ya tuna cewa a lokacin ransa fes yake, duniya ta yi masa laushi kamar auduga.

Wani ɗan Maraɗi da ke wucewa da guduma ne ya tsaya ya ce, "Malam, jini ne fa a hannunka."

Ya duba. Zaren ya shige cikin fata, jini ya gangaro har gwiwar hannu, har ya fara bushewa.

Da aka fito da Isma'ila, ɗaya bakin zaren yana nannaɗe a tafinsa, sai da wuƙa aka yanke. Aka binne shi kafin magariba, aka jera duwatsu a kai. Babu wanda ya ɗora wa Zayyadu laifi. Kwana ya ƙare, in ji mutane, iskar rami ba ta da sabo. Shi kaɗai ya san sau nawa mutum zai fizgi zare kafin ya yanka naman wani.

Ya sauko Arlit wurin yayarsa Bara'atu, mai sayar da shinkafa da wake kusa da tashar manyan motoci. Ta samo masa babur ya shiga kabu-kabu. A nan abin ya fara. Kullum idan rana ta karkata, ƙwayar safe ta fara saki, sai ya ji an ja wuyan hannunsa. Ɗaya, biyu, uku. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ja ne sosai, irin na mutum mai sauri. Ranar farko ya taka birki a tsakiyar hanya har fasinjar ta zage shi. Daga baya ya gano cewa in ya ƙara biyu kafin la'asar, hannun yana yin shiru. Sai biyun suka zama huɗu. Shekara uku ya yi yana toshe bakin matacce da abin da ya kashe shi.

Wata rana yana biye da bas ɗin ma'aikatan kamfanin ma'adinai jikinsa ya sandare a kan babur. Ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki. Allah ya sa bai ɗauko kowa ba. A gidan likita ya farka, Bara'atu na zaune a gefensa da warin hayaƙin itace a zanenta. Ba ta yi kuka ba.

"Ɗan'uwana," ta ce, "gawa ɗaya munka bari cikin duwatsu. In kana son ka zama ta biyu, hwaɗa mini yanzu in sayi likkafani tun ina da ƙarfi."

Ma'aikacin jinyar ya ce kada a yanke masa gaba ɗaya, a riƙa ragewa sannu a hankali. Bara'atu ta karɓi maganin ta ƙulle a haɓar zane, ita ke ba shi da hannunta. Ta mayar da babur ɗin. Ta zaunar da shi a bayan rumfarta yana wanke kwanoni, inda idonta ke kansa. Ya yi zawo, ya yi amai, ya yi rawar sanyi a tsakiyar zafin bazara. Ƙasusuwansa suka yi kamar ana tauna su. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne la'asar, don yanzu babu abin da ke tsakaninsa da jan.

Ya yi kwana arba'in da ɗaya ba ƙwaya. Sai wani direba ya kawo saƙo daga Buza: mahaifiyar Isma'ila ta aiko masa da ƙullin yakuwa da kuka, tana sa masa albarka, wai ta ji shi ya sa ɗanta a kabari da hannunsa. Zayyadu ya ajiye ƙullin, ya fita kamar zai kama ruwa, ya nufi teburin mai kafe. Kwana biyu ba a gan shi ba. Da ya dawo, Bara'atu ta miƙa masa soso da sabulu ba tare da ta dube shi ba. Aka koma farko.

Cikin masu cin abinci a rumfar akwai wani dattijon Buzu, Ghissa, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana aiki a ƙarƙashin ƙasa a ramin ma'adinai na Akokan. Da aka rufe ramin sai ya koma yasar rijiyoyi, ya ce shi hasken rana da yawa yana sa masa ciwon kai. Ya daɗe yana lura da mai wanke kwanonin. Wata la'asar ya ga kwano ya suɓuce masa, ya ga ya damƙe hannu.

"Wa yake kiranka?" ya tambaya.

Ba wanda ya taɓa yi masa tambayar haka. Zayyadu ya tsuguna a gefen tabarma ya faɗa masa komai, har adadin ƙwayar da ya sha ran nan. Bara'atu na juya tukunya, bayanta a gare su. Muciyar ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta ci gaba.

Ghissa bai ce kwana ne ya ƙare ba. Ya gyara rawaninsa ya ce da Hausarsa ta Buzaye, "To. Ka yi laifi babba. Ni ma akwai ƙararrawa da nake ji, na wani rana a ƙasa. Shekara goma sha tara bai daina ba." Ya miƙa kwanonsa. "Ƙara mini wake, Ba'adare."

Wata bakwai bayan haka Ghissa ya zo da hantsi. Mai riƙa masa igiya ya bi mota zuwa Asamaka, ga rijiyar wata garka a hanyar Gugaram ta cushe da yashi, albasar mutane na ƙonewa.

"Tashi mu je."

"Baba Ghissa, ka san ko ni wane ne."

"Shi ya sa."

"Nemi wani. Garin ga cike yake da masu hannu lahiya."

"Masu hannu lafiya suna kallon waya," in ji Ghissa. "Ni tsoho ne, ba ni son mai kallon waya."

Bara'atu ce ta cika masa bidon ruwa ta rataya masa a kafaɗa.

Hanyar fita gari ta gaban mai kafe take bi. Yana ganin Zayyadu ya ɗaga buta. "A'a, ɓatan wata! Yau aikin ƙarfi ne? Zo in haɗa maka mai nauyi, ko hannunka ya bar rawa." Da gaske hannun rawa yake. Zayyadu ya ji yawu ya taru a bakinsa, ƙafarsa ta rage sauri da kanta. Ƙwaya ɗaya za ta tsayar da rawar, ta tsayar da tsoron. Ita ce kuma za ta tsayar da jin. Ya sunkuyar da kai ya bi bayan rigar Ghissa.

Rijiyar gaba goma sha biyu ce. Masu garkar su biyu, wa da ƙane, suka kama babbar igiya. Injin ban-ruwa na garkar maƙwabta yana ta ƙara. Ghissa ya ciro siririn zare daga aljihu. Zayyadu ya miƙa hannun dama, dattijon ya ture shi, ya kamo na hagu, ya ɗaura daidai kan tabon.

Aiki ya tafi lafiya. Ja biyu, guga ya fito da laka. Ja ɗaya, a mayar. Zayyadu yana jin kowane motsi na tsohon, har numfashinsa kamar yana biyo zaren. Sun so gamawa da azahar, amma yashin ya fi yadda aka zata. Bayan salla Ghissa ya sake sauka. Inuwar dabino ta fara tsawo. Zayyadu ya ga tana matsowa wajen ƙafarsa.

Sai ya ji. Ɗaya, biyu, uku.

Ya dubi zaren. Yana lilo kaɗan, ko iska ce, ko hannunsa ne. Ya leƙa, duhu ne da ɗan hasken fitilar goshi. Wane ne? Na cikin rijiyar nan, ko na cikin duwatsun Cibarakaten? Jan iri ɗaya ne, ba shi da yadda zai bambanta. In ya yi shiru ya jira a sake, haka ya yi shiru wancan karon.

"Ku ja!" ya yi ihu. "Ku hid da shi! Ku ja!"

Ya faɗa kan igiyar tare da su. Suka ja har tafinsu ya saluɓe. Kan Ghissa ya ɓullo, laka har gira, shebur a hannu, ido a waje.

"Lafiya? Gobara ne?"

"Ka ja uku."

"Ni? Ban ja komai ba! Ina cikin cika guga kuka fizge ni kamar akuya ya faɗa rijiya!"

Masu garkar suka fashe da dariya, ƙanen har da riƙe ciki. Zayyadu ya zauna a ƙasa, kunya ta rufe shi. Ya fara kwance zaren. Ghissa ya tofar da yashi, ya sha ruwa daga bidon Zayyadu, ya dube shi.

"Me kake yi? Mayar. Saura guga biyar."

"Baba, ban san naka da nashi ba."

"Kada ka sani. Duk wanda ya ja, ka fitar. Gara ka fitar da ni sau ɗari ina zagi."

Ya ɗaure masa zaren da kansa, ya koma ciki.

Yau shekara uku ke nan da wani abu. Zayyadu bai sake haɗiyar ƙwaya ba, ko da yake ya ce har yanzu in ya ji ƙamshin kafe maƙogwaronsa yana motsi. Masu yasar rijiya suna kiransa Fid-da-Wuri. Suna yi masa tsiya, suna ƙoƙarin gama aiki kafin la'asar don kada a tsamo su a banza, amma in ba shi a bakin rijiya wasunsu ba sa sauka. Sau ɗaya, a wata garka kusa da Akokan, wanda aka tsamo bai yi zagi ba, don ba ya motsi. Sai da aka yayyafa masa ruwa aka yi masa fifita ya farfaɗo. An tambaye shi ko ya ja zaren, ya ce bai tuna ba.

Ranar da ba aiki, Zayyadu yana bayan rumfar Bara'atu yana fasa itace. Da rana ta karkata sai ya ajiye gatari ya tsaya, hannunsa ba zare ba komai. Yakan jira har na ukun ya wuce. Sannan ya ce a hankali, "Na ji ka, ubangidana," ya ɗauki butar alwala.