Layin da na soke a takardar Phnom Penh

Har yau ban manta da ranar Talatar da na jagoranci tawagata ta farko a wajen Saudiyya ba. Mudir, wato shugaban ofishinmu, ya ce in ba ku labarin, ku sababbin ma'aikata, kafin ku fara rubuta naku tsare-tsaren, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Shekarata ta farko ke nan a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Mansur a Makka bayan na gama jami'a. Wata uku bayan aikin Hajji, wasu iyalai daga unguwar Shisha suka nemi a kai su Kambodiya, aka haɗa ni da su a matsayin murshid, wato jagoran tawaga. Murshid ne ke rubuta takardar gargaɗin da ake karanta wa matafiya a mota kafin kowane zango.

Tsarin yinin birnin Phnom Penh zango uku ne: fadar sarki, sai makarantar da aka mayar kurkuku a zamanin mulkin kama-karya na Khmer Rouge, sai filin bayan gari inda aka kashe mutane aka binne su a ramuka. Abokin aikinmu na can, Malam Sulaiman, Musulmi ɗan ƙabilar Cham da ya yi karatu a Madina, ya aiko mini da bayanai da Larabci. Layi ɗaya ya ce da damina ƙasar filin tana fito da ƙasusuwa, kada kowa ya ɗauki komai a ƙasa.

Ƙa'idata ita ce ba na karanta wa mutane abin da ban tabbatar a wuri biyu ba. Na duba littattafan da ke hannuna, ban ga wannan ba. Na ɗauka zuzutawa ce, na soke layin. Ban kira shi na tambaya ba.

A cikin tawagar akwai Hajiya Rabi, wadda ta yi shekara talatin tana taya mata alhazai tsintar tsakuwar jifa a Muzdalifa. Tana da kwalba a gida, duk ƙasar da ta taka sai ta ɗauko tsakuwa ɗaya ta jefa ciki. A filin, Malam Sulaiman ya yi gaba da maza, ni na tsaya baya ina yi wa dattawan mata bayani da Hausa. An yi ruwa da asuba. Na ga ta sunkuya, na zaci takalminta take gyarawa.

Mun kama hanyar gidan abinci sai ta kwance gefen mayafinta ta miƙo mini.

"Ɗana, dubi wannan, fara tas. A Muzdalifa ma ban taɓa tsintar irinta ba."

Na karɓa na juya ta. Tana da saiwa biyu. Haƙorin mutum ne.

Malam Sulaiman ya leƙo daga kujerar gaba, ya daɗe yana kallon tafin hannuna.

"Ustaz, ba ka karanta musu ba?"

"Na soke layin. Ban sami inda zan tabbatar ba."

"Da ni ka tambaya," in ji shi a hankali. "An tafi da ƙanen mahaifiyata a zamanin Khmer Rouge. Har yau ba mu san ramin da yake ba."

Hajiya Rabi ta fahimci Larabcin. Ta dafe ƙirji tana salati.

"Haƙorin ɗan wani na ƙulle a mayafina? A juya motar nan!"

Wani alhaji daga baya ya ce, "Hajiya, ma'alesh, yi haƙuri, a ba Malam Sulaiman ya mayar gobe, abinci na jiranmu."

"Kai ka ci. Ni na ɗauko shi, ni zan mayar. Wallahi loma ba za ta shiga bakina ba kafin nan."

Sauya tsari sai da izinin ofis, don haka na kira mudir a Makka na faɗa masa komai, har da layin. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ku koma. Ni da kai sai ka dawo."

Mai kula da filin ya karɓi haƙorin da hannu biyu, ya sa shi cikin akwatin gilashi tare da wasu da yawa. Ko mamaki bai yi ba, kuma wannan ya fi komai girgiza ni. Hajiya ta ce a gaya masa ba ta sani ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Kai ma faɗa masa naka laifin."

Na faɗa, Malam Sulaiman ya fassara.

Mudir bai sallame ni ba. Ya sa na mayar da layin da hannuna, kuma shi ne na farko a takardar da za a ba ku. Abin da na koya shi ne, labarin tarihi kana iya ajiye shi har ka tabbatar, amma gargaɗin da ɗan ƙasa ya ba ka ba a soke shi daga kan tebur a Mansur. Ka kira shi ka tambaya.

Da na je gaishe da Hajiya Rabi a Shisha, ta nuna mini kwalbar, tana kiran sunan ƙasar kowace tsakuwa. Ta ce tun da muka dawo ba ta ƙara jefa ko ɗaya ba.