Jagoran da Na Hana Mutuwa

Shekarun baya, farkon Shari'a a Zamfara, ina koyarwa a wata sakandare a Ƙaura Namoda. An rufe gidajen kallo, sai na koma zuwa Zurmi duk ƙarshen mako wurin kawuna. Ya tsufa, ya makance, ya daina fita. A ƙuruciyarsa shi ke yi wa fatake jagora ta daji, daga Shinkafi zuwa Maraɗi.

Wata Asabar bayan la'asar ya ji ina buɗe takarda, ya tambayi abin da nake karantawa. Na ce wani tsohon littafin Turanci ne, labarin wasu Turawa masu neman dukiya a bayan duwatsu. Ya ce in mayar masa da Hausa.

Turawan ba su dame shi ba. Mutumin ƙasar da ke nuna musu hanya kaɗai yake bi. In na daɗe kan Baturen da ke jarumin littafin, sai ya katse ni.

"Bar wannan, Malam. Mi jagora ya ce game da ruwa?"

Haka muka ci gaba da karatun kowace Asabar. Matar kawu ta gaya mini ranar Asabar ce kawai yake cin tuwonsa ya cinye.

A tsakiyar littafin jagoran ya nutse a kogi. Layi biyu marubucin ya ba shi, Turawa suka wuce. Na dubi kawu ya karkato kunne yana jira. Sai na ji bakina ya ce, "Ya haye lafiya."

Daga nan aiki ya same ni. Kowane mako a motar Zurmi nake ƙirƙiro abin da mamacin zai yi. Ni da ban taɓa kwana a daji ba, na sa shi shinshinar iska, na sa shi haƙa rijiya. Kawu yakan gyara masa: "A'a, ba a sauka a gindin tsamiya da damina." Da muka kai ƙarshe, na mayar da shi gida da raƙuma biyu.

Sai kawu ya ce, "A kogin nan ya mutu, ko?"

Na tambaye shi yadda aka yi ya gane.

"Tun da ya haye, maganarsa ta koma irin ta mutanen Zurmi. Har sallar la'asar ka sa shi ya yi."

"Me ya sa ba ka tsayar da ni ba, Kawu?"

"Ina son in ga ko za ka iya kai shi gida."

Kawu ya rasu bayan damina biyu. Har yau ina koyar da irin waɗannan littattafai, kuma na lura da zarar hanya ta fito, marubuci ya gama da mai nuna ta. Ba na jin haushi. Ina dai tambayar ɗalibaina inda jagora ya shiga, kuma yawanci sai sun koma baya sun duba.