Ƙwayoyina a Gwangwanin Citta

Jiya surukata ta zo mana Omdurman daga unguwarsu ta Mayo, ta ce yau ita za ta dafa gahawa. Kafin in miƙe har ta buɗe gwangwanin citta, inda nake ɓoye mata ƙwayoyina na tazarar haihuwa.

Ta jujjuya su, ta ce, "Ɗana ya sani?"

Na ce, "Inna, shi ya raka ni asibiti."

Sai ta fashe da dariya. "Ashe ni ce dodon! Yarinya, da goyo da ciki na yi ta cirar auduga a gonakin Jazira. Kai su ɗaki, kada zafin murhu ya lalata su."

Shekara biyu ina tsoron baiwar Allahn nan a banza. Ku fa, wa kuke ɓoye wa?