Humrar da na haɗa wa 'yata

A gidanmu na Damagaram, idan 'ya za ta yi aure uwarta ce ke haɗa mata humra. Farce da sandal da miski kowa ya san su, amma kowace uwa tana da abin da take ƙarawa, kuma haɗin da aka yi wa amarya ba a ba wata. Nata ne har ƙarshen rayuwarta. Haka na yi wa 'yata a nan Bronx, a birnin New York na Amurka, a ɗakin girkina, na buɗe taga na ɗaure na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi da tsumma don kada ta tara mini jama'a.

Mijinta baƙar fata ne ɗan ƙasar nan, direban bas, ya musulunta tun kafin su haɗu. Ban so auren ba. Ban hana ba, amma ban taɓa zama na yi magana da shi ba, na fake da kunyar suruki. Idan ya zo gaisuwa sai mu yi ta Hausarmu yana zaune yana murmushi. Mai fassara masa wani ɗan garinmu ne da ke sayar da huluna da jallabiyoyi a unguwar Harlem. Shi ma ya taɓa neman 'yar tawa, ta ƙi, ya ce ba komai, Allah bai yi ba. Ranar biki shi na sa ya gaya wa ango cewa wannan ƙamshin na matarsa ne ita kaɗai, ba zai ji shi a jikin kowa ba.

Bayan an kwana biyu da auren, mai hulunan ya zo gidana da ledar dabino.

"Hajiya, ke ce uwata a ƙasar nan. Mai ɗakina a gida tana ta ƙorafi ban aika mata komai ba. Ki ɗan sam mini humra mana."

Sabuwar da na jiƙa ba ta nuna ba. Wadda ke akwai ragowar ta 'yata ce. Na ji nauyin in ce masa babu, na ce a raina ai Damagaram za ta, wa zai sani. Na zuba masa a 'yar kwalba, na manta da zancen.

Da bazara 'yata ta fara ramewa. Wata rana tana taya ni gyaran alayyafo ta ce, "Inna, wai ya ji ƙamshina a jikin wani yaro a masallaci. Yaron da muke aiki tare a asibiti." Ta yi dariya, amma ba ta ɗago kai ba. Ta ce yanzu idan ta dawo aiki sai ya ɗauki mayafinta ya shinshina, ya tambayi wa ta gani. Ni kuwa na ce mata kishi ne, wanda ba ya sonki ba ya kishinki. Da bakina na faɗi haka.

Ina da maƙwabciya 'yar Filato, ma'aikaciyar jinya, Sista nake ce mata. Wata Asabar da rana ta ja ni kallon wasan kwaikwayo da ake yi kyauta a wani lambu a Harlem, wai zaman ɗaki zai tsufar da ni. Ban yi boko mai nisa ba, Turancin wasan kuma na mutanen da ne, ita ma Sista sai ta kasa kunne sosai kafin ta raɗa mini.

"Wancan baƙin babban soja ne a garin Turawa. Suna son yaƙinsa, ba sa son ya auri 'yarsu."

"To ai ya aura."

"Ya aura. Ki sa ido a kan wancan mai fara'ar, shi ne ɗan banzan."

"Wannan mai ladabin?"

"Shi fa, Hajiya. Ki bar ganin rusunawarsa."

Da farko ina cin gyaɗata ina kallo. Mai fara'ar ba ya cewa matarka ta yi kaza. Sai ya fara magana ya fasa, ya ce ba komai, shi ba ya son shiga tsakani. Sojan kuwa ba shi da kowa a garin nan da zai tambaya sai shi. Na daina cin gyaɗar, ban san dalili ba. Sai aka zo wurin wani ɗan hankici da mijin ya ba matar. Aka ɗauke shi, aka kai shi ɗakin wani namiji.

Gyaɗar ta zube daga cinyata. Kwalbar nan na gani kamar an ajiye ta a gabana. Na kama hannun Sista.

"Yaya zai ƙare?"

"Haba, ki bari ki gani mana."

"Don Allah gaya mini."

"Kashe ta zai yi. A kan gadonta."

Ban san yadda na ratsa mutane na fita ba. Na kira wayar 'yata, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, can ciki kuma kiran ba ya tafiya. Duk tashar da ya tsaya sai in ji kamar in sauka in tura shi. Ina ta salati a fili, wata mata ta tashi daga kusa da ni.

A unguwar Soundview suke. Mijin ne ya buɗe ƙofa, idanunsa jajur. Mayafanta da ɗankwalayenta duk a zube a tsakar falo. Ita tana tsaye ta jingina da firiji, ta riƙe wuyan hannunta. Wayarta na gani a aljihun rigarsa.

Ta ce, "Inna, ki koma gida, ba komai."

Ban taɓa kallon fuskar surukina kai tsaye ba sai ranar. 'Yata ta matso za ta fassara, na ɗaga mata hannu. Duk abin da ya biyo ta bakinta ba zai yarda ba. Da guntun Turancina na kasuwa na yi, ina nuna ƙirjina.

"Ni ce. Kwalba biyu. Ɗaya matarka. Ɗaya na ba mai huluna. Ita ba ta sani ba."

"Mama, kin ce babu mai shi sai ita."

"Na ce. Na karya. Ni."

Sannan a hankali ya ce mai hulunan ne ya tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da yaron a sahun Juma'a. Da aka sallame ya ce masa, ba ka ji wani abu ba? A'a, bar shi, wataƙila hancina ne. Yaron kuwa duk hulunansa a shagon mai hulunan yake sayensu.

Sai ya juya ya ɗauki makullin mota. Wani sabon tsoro ya kama ni, don na san inda zai nufa, na kuma san yadda 'yan sandan garin nan ke yi da baƙin mutum mai fushi. Na zauna daɓas a bakin ƙofa, na miƙe ƙafafu. Ya ce in tashi. Na ce sai dai ya tsallake ni. Ya tsaya a kaina yana huci. Can ya zame ya zauna a ƙasa cikin mayafan, ya zaro wayar ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

Duk da haka, a ranar tare da 'yata na tafi. Na ga shatin yatsunsa a wuyan hannunta, kuma ba mai huluna ne ya yi wannan ba.

Ba zan rantse cewa mai hulunan ya shafa humrar a hular yaron ba, ban gani da idona ba. Na dai tambayi matarsa ta waya, ta ce ba a kawo mata komai ba. Shagonsa na nan. Idan zan wuce sai in tsallaka titi.

'Yata ta zauna a wurina har sanyi ya wuce. Mijin yana zuwa ya zauna a falo, mu biyu, ba tafinta, ina lalubar Turanci yana lalubar Hausa. Daga baya ta koma, ra'ayinta ne, ni ban ce je ba ban ce zauna ba. Ta daina shafa humrar. Kullum bayan la'asar nakan kira ta, kuma ba na iya zama sai ta ɗauki wayar.