Gefen Yaya a Talabijin

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya kayar mana da katangar gabas, damina ɗaya bayan rasuwar yayata, 'yata da ke aure a Gumel ta ce tana so ta ɗauki waƙar niƙanmu a ajiye. Ita ce ma ke rubuta wannan, ni ban san ko bihim ba. Amma ku tambaya a Gagarawa, ba a taɓa kama ni da mantuwa ba.

Waƙar nan iyayenmu mata take jerowa, uwa bayan uwa, har zuwa wadda ta taso daga Damagaram. Mu biyu muke yin ta tun muna 'yan mata, ni a hagu, Yaya a dama, in faɗi suna ɗaya ta faɗi ɗaya. Na shida, na ƙarshe, nata ne. Shekara hamsin ina jin sa a bakinta, ban taɓa ɗora shi a nawa ba. Da ta tafi na laluba, babu. Ban gaya wa kowa ba, saboda girman kai.

'Yata ta fara ɗauka da wayarta a tsaye. Da na kai na biyar na ƙirƙiro tari, na ce na gaji. Ta sa a talabijin ɗinsu mai faɗi, sai ga ni siririya a tsakiya, baƙi hagu, baƙi dama, kamar an tsayar da ni cikin kabari. Na ce a kashe.

Sai mijinta ya ɗauko wani mai hoton biki daga Maigatari. Ya ce talabijin na yanzu a kwance yake, hoto ma a kwance ake ɗauka don ya cika shi. Ya zo bayan azahar, rana fetal, ya kafa abinsa mai ƙafa uku a tsakar gida, ya maƙala mini ɗan makirufo a mayafi. Na shimfiɗa tabarma na zauna a hagu.

"Inna, matso tsakiya, rabin hoton fili ne."

"Ɗan nan, nan ne wurina. Ɗauki filin."

Na yi nawa na yi nata har biyar. A na shida na yi shiru. Iyakar abin da na sani ke nan: na yi shiru, kunya ta rufe ni, ya kashe na'urarsa.

Bayan mako muka zauna kallo a falon 'yata. Hoto ya cika talabijin kaf, ga randa, ga inuwar darbejiya, ga rabin tabarma ba kowa. Can wata kaza ta shigo ta dama. Ta zo bakin tabarma ta tsaya, ta kewaye filin nan kamar yadda ake kewaye mutum a zaune. Surukina ya yi dariya, shi kaɗai, ya kuma haɗiye ta.

Aka zo na shida. Ina kallon tsohuwar da ke ciki ta yi shiru. Sai ta karkata dama, ta kai kunne, ta gyaɗa kai, ta ce ƙasa-ƙasa, "Na'am, Yaya." Ta ɗago ta faɗi sunan, sarai, da karin da Yaya ke jan sa.

'Yata ta ce ai ranar suna tsaye a wurin na faɗi sunan, sun ɗauka numfashi na ja, waccan maganar ce kawai ba su ji ba sai yau. Mai hoton bai kalle ni ba. Ya ce zai iya yanke gefen ya dawo da ni tsakiya, in na fi so. Na ce duk wanda ya yanke gefen nan ban yafe ba.

Ban ce na ga kowa ba, kada a yi mini ƙari. Limamin unguwarmu ya ce in yi mata sadaka da addu'a, na yi waina na raba. Abin da ya dame ni har yau, da an bar ni a tsaye cikin waya ni kaɗai, yadda girman kaina ya so, da sunan nan ya bi Yaya. Yanzu har jikokina sun haddace shi.

Surukina ya rasu bara. Mai hoton yana nan Maigatari, an ce ya koma sayar da awaki. Saura ni da 'yata. In an sa kallon, a hagu nake zama, kuma ba mai zama a damata.