Sista Ta Ce Sai Na Faɗi Sunansa

Yaya Hauwa, daren jiya wani mafarki na yi a nan asibiti, kuma tun da na farka zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Ba tsoro ba ne sosai, har wani sanyi nake ji a raina, amma akwai wurin da ya tsaya mini. Ki yi haƙuri da rubutun nawa, kin san inda karatuna ya tsaya. Ki karanta har ƙarshe kafin ki fara yi mini faɗa.

Bari in fara gaya miki abin da ya faru da yamma, don ina jin daga can abin ya taso. Tun da aka kwantar da ɗana Abba saboda ciwon haƙarƙarin nan, in masu ba da magani suka zo, su suke karanto sunansa na yanka, ni kuma in gyaɗa kai, shi ke nan. Jiya sai aka canzo wata sista, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ta tsaya a kanmu da sirinji ta ce in faɗa mata cikakken sunan yaron da bakina. Wai ita ba ta karantowa a gyaɗa mata kai, don uwar da ba ta samu barci ba ko me aka kira sai ta ce e.

To Yaya, ɗan fari ne. Kuma kin san sunan wa ya ci, sunan marigayi Malam, mahaifin babansa. Ga Iya, surukata, zaune a gefen gado. Ni ba zan iya ba, ita ma sunan mijinta ne, ba za ta iya ba. Muka yi tsuru-tsuru kamar an kama mu da satar nama. Matan ɗakin suna ta dariya, ta gadon kusa da mu tana cewa a kawo liman ya sake raɗa masa suna. Na ce wa sista ai Abba ne. Ta nuna mini yaron matar nan, shi ma Abba, ya girmi nawa, ya fi shi nauyi, ciwonsa ma daban. Ta ce maganin yara da nauyinsu ake auna shi, abin da zai tayar da wancan zai iya kayar da nawa. Allah ya taimake mu babansa ya shigo da kular abinci, shi ya faɗa. Sista ta ce da safe ma ita ce, kuma ni take so ta ji. Da ta wuce Iya ta ce su a zamaninsu ko a gaban alƙali ba a kama sunan ɗan fari. Da wannan na kwanta.

Sai na gan ni a ɗakin yaran nan, amma babu rufi, babu bango. An jera gadajen a cikin rafin garinmu, kan yashin nan da muke tonon ruwa da rani muna yara. Rana tana tsaka amma ba zafi. Ledojin ƙarin ruwa suna rataye a rassan tsamiya, kowace tana ɗiga da irin tafiyarta, wata da sauri, wata kamar ba ta so. Wata mata ta miƙa hannu za ta murɗa na ɗanta don ya yi sauri, sai ledar ta yi sama, ta wuce tsawon hannunta. Ta koma ta zauna.

Ni kuma wai na je wanke zanin goyo na dawo, sai na rasa gadonmu. Duk yaran an lulluɓe su da bargo iri ɗaya, shuɗin nan da kika kawo mana ranar suna, har da ƙonewar da ya yi a gefe. Na bi layi ina leƙawa, ƙafafunsu kawai nake gani. Na kira Abba. Sai duk suka amsa, daga nan har can ƙarshen rafi inda ido ba ya kaiwa. A cikin masu amsawar har da muryar dattijo.

Sai kawai muna kasuwar hatsi. Babu hatsi, sai sikeli babba a tsakiya, da sistar nan ta jiya a tsaye da fararen kayanta, ko ƙura ba ta taɓa su ba. Tana ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ta ɗiga magani. Ɗan ɗigo kaɗan, sai ki ga sikelin ya daidaita da yaro guda. In ta ƙara ko kaɗan ne, sai gefen yaron ya yi sama ya fara rawa, sai ta yi maza ta rage. Na lura ba ta magana da kowa in tana awo. Wani mutum ya yi ta yi mata sallama, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

Matar gadon kusa da mu ta zo ta raɓa ni, riƙe da ludayi. Ta ce ga ragowar maganin nata Abban, in ba nawa, ai duk zazzaɓi ne, kamar dai yadda muke yi a gida in na maƙwabta ya rage. Na karɓa don kada ta ji ba daɗi. Ina riƙe da shi sai ludayin ya fara girma, ya zama ƙwarya, ya zama baho. Na ajiye a ƙasa. Na waiwaya in ba ta haƙuri, ba ta nan.

Sai kawai ga ni a bakin gado, mun koma kan yashi, yaro ɗaya a gabana, bargon ya rufe masa fuska. Ina jin numfashin nan nasa mai ja, ina ganin haƙarƙarin yana shiga yana fita ta cikin bargo. Jikina ya ba ni nawa ne, amma na kasa ɗaga bargon, ya yi nauyi kamar an jiƙa shi. Sista tana tsaye da ɗan ƙaramin sirinji. Ta tambaye ni ko akwai maganin da ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburi, na ce babu. Ta tambaye ni yaushe aka ba shi na ƙarshe, na nuna mata inuwar tsamiya, inda take a lokacin, ta gyaɗa kai kamar amsar ta yi. Ta ce ko na ba shi wani abu daga gida, jiƙo ko na kemis, na ce tun da muka zo ban ba shi ba. Duk waɗannan bakina yana tafiya lafiya lau.

Sai ta ce, "Sunansa."

Yaya, harshena ya zama dutsen niƙa. Ina buɗe baki, iska kawai ke fita. Inuwar tsamiyar tana tafiya ina kallonta, ta wuce ƙafar gado, ta wuce takalmina. Maganin da ke cikin sirinjin ya fara raguwa da kansa, kamar ruwan da aka zuba a yashi. Sista ba ta yi fushi ba, ba ta kuma matsa ba. Ta duba agogon hannunta ta ce lokacinsa yana wucewa. Na ce mata don Allah ta ba shi haka nan, ni uwarsa ce, na san shi. Ta ci gaba da riƙe sirinjin tana jirana.

A nan ne na ga Malam. Yana zaune a kan buzunsa ta wajen ƙafar gadon, da farar rigarsa mai tabon tawada a aljihu, wadda yake sawa in zai tafi masallacin Juma'a. Kin san ina da cikin Abba ya rasu, bai taɓa ganinsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya daɗe yana kallon bargon nan, carbinsa yana tafiya. Sannan ya kalle ni, irin kallon da yake yi mini in na kawo masa kunu na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe yashin buzun, ya ɗauki butarsa, ya hau gangaren rafin. Ya yi nisa sosai, ya tsaya ya ba mu baya. Iya ma ashe tana wurin, ban san lokacin da ta zo ba. Ta janyo ɗankwalinta ta rufe kunnuwa, ta sunkuya tana tsintar shinkafa a faifai kamar ba kowa a duniya.

Sai na faɗa. Na farko ko ni ban ji kaina ba. Sista ta sunkuyo ta ce, "Ban ji ba, Maman yaro." Na sake faɗa da ƙarfi, har da sunan babansa a ƙarshe. A duk yaran rafin nan ba wanda ya motsa sai shi. Ya ture bargon da ƙafa, ga shi nan, ga tabon cizon sauron da ke goshinsa. Sista ta duba sunan da ke rubuce a 'yar takardar da aka ɗaura masa a hannu, ta duba sirinjin, ta sake dubawa, sannan ta sa a robar allurar nan da ke jijiyarsa tana turawa a hankali, a hankali, har na so in ce ta yi sauri.

Tana gamawa sai ruwa ya zo a rafin. Ba ambaliya ba, ɗan ruwa ne garau iya idon sawu, mai sanyi, yana bi ta ƙarƙashin gadaje bai ɗauki ko takalmi ba. Abba ya tashi zaune ya kama ɗan kunnena yana ja, yana dariya da haƙoran nan nasa biyu. Na ɗaga kai in nuna wa Malam, ban gan shi ba.

Jan kunnen ne ya tashe ni, ashe da gaske shi ne yake ja. Gari ya fara haske. Na taɓa wuyansa, zafin ya sauka, ya jiƙe da gumi, kuma numfashin bai kai na jiya ja ba. Har ya kama nono kaɗan, abin da ya ƙi yi tun zuwanmu.

To Yaya, ke da kika yi islamiyya mai zurfi, ki taimake ni. Na sha ji ana cewa in mamaci ya ba ka abu a mafarki alheri ne, in ya karɓa kuma a yi ta addu'a. Shi Malam bai ba ni komai ba, bai karɓi komai ba, ko taɓa takwaran nasa bai yi ba. Tashi kawai ya yi ya ba ni wuri. Ban gaya wa Iya ba, tana nan kan dadduma kusa da ni tana lazimi, kunnuwanta a buɗe. Babansa ba zai zo ba sai azahar. Sista kuma ta riga ta shigo, tana can gadon farko, ina jin wata mata tana faɗa mata sunan 'yarta.

Wannan tashin da Malam ya yi, izini ne ya ba ni, ko kuwa fushi ya yi ya tafi don kada ya ji?