Ranar da Boyi Dillali Ya Kushe Gidan Hajiya

Kowa a kasuwar bisashe ta Gure ya san Boyi dillali, kuma kowa ya san bakinsa. In shi ke tsaya wa mai saye, ko bijimin da ya fi kowanne a ƙasar Manga ka kawo, sai ya zagaya shi, ya buɗe masa baki, ya matsa tozo, ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai tsoho ne, tausayi ma yake ba ni." Sannan ya yi tayin da zai sa mai bijimi ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Da an ce albarka, sai Boyi ya kaɗe riga ya juya ya kama tafiya. Tafiyar nan kuwa ba ta mai zuwa wani wuri ba ce. A hankali yake yin ta, kunne a baya, kuma bai cika kaiwa wajen masu sayar da igiya ba sai ka ji an ƙwala kira: "Boyi, dawo mana a yi magana!" Haka ake ciniki a Gure, haka ake yi a Gidigir, amma ba wanda ya iya tafiyar nan kamarsa.

A daji aka haife shi, can wajen Bune, cikin makiyaya. Wata shekarar fari ce ta koro shi gari yana saurayi, ya bar sauran shanun gidansu hannun ƙanensa Umara, ya ce da damina ta faɗi zai koma. Damina ta faɗi, ta sake faɗuwa, Boyi ya auri Salima, suka haifi Kadija da ƙannenta, furfura ta fara leƙowa a gemu, har yanzu dai komawa yake shirin yi. Mutumin da in aka ɗauke wuta da rana sai ya yi ta mita don fanka ta tsaya, wai shi ne zai koma bin shanu!

Duk shekarun nan haya suke yi a gidan Hajiya Amatullahi, su a sashen gaba, ita a na ciki tun rasuwar mijinta. In Salima ta taɓo maganar sayen gida, amsarsa a shirye take.

"Ke, saniya tana haihuwa, tana ba da nono, in fari ya zo ta tashi ta bi ka. Gida fa? Rairayi zai zo ya danne shi yana tsaye yana kallonki."

"To, Baban Kadija," in ji Salima, "sai mu shiga cikin saniyar mu kwana."

Ran nan bayan la'asar Hajiya ta aika aka kira shi. Ta ce ɗanta ya matsa mata ta koma wurinsa Damagaram, ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara. Gidan za ta sayar. Jibirilla mai butik, wato kanti, a bakin tasha ya daɗe yana nema, amma ta ce masa sai ta fara jin ta bakin waɗanda ke ciki.

Boyi ya fito ya koma sashensu. Ya yi kwanaki yana juya maganar, abinci ma sai an yi masa tuni. Daga ƙarshe ya kira Umara a salula ya ce a ware shanu a koro su kasuwa. Salima har guɗa ta yi a tsakar gida. Amma da ta ga ya sa babbar rigarsa ta ranar kasuwa ya nufi sashen Hajiya, sai ta tare shi.

"Don Allah, Baban Kadija, kada ka yi mata irin na kasuwa."

"Ki bar ni da sana'ata," ya ce.

Ai kuwa sana'ar ya yi, har da ƙari. Ya gaida Hajiya, ya miƙe ya fara zagaye. Ya ƙwanƙwasa garu ya girgiza kai. Ya sa farce ya kankare yaɓe, ya nuna mata ƙasar a tafin hannu. Ya ɗaga kai ya dubi azara ya ce gara ta gama da su, Allah ne kawai ke riƙe da rufin. Ya ce indararo ya karkace, rairayi kuma ya kusa kai rabin garun baya.

"Hajiya, tsakani da Allah, wannan ai kango ne. Don mutunci kawai zan taya."

Ya taya. Ya jira ta ce albarka, don daga nan ne ciniki ke farawa. Hajiya ba ta ce ba. Ta gyara mayafinta, ta dubi azaran nan ta daɗe, sannan ta ce, "To, Boyi, Allah ya ba ka wanda ya fi shi."

Boyi ya kaɗe riga ya juya. Ya ratsa tsakar gida a hankali, ya bi ta zaure, kunne a baya. Shiru. Ya fita titi, ya tsaya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Shiru. Ya wuce masallaci, ya wuce mai shayi, sai ga shi har bakin gari inda tudun rairayi ya fara, ba wanda ya kira shi sai wani jaki da ya yi kuka daga cikin kwari. Nan ne fa abin ya faɗo masa: a kasuwa in ka juya wa bijimi baya gida kake tafiya, to shi yau gidan da ya juya wa baya can tuwonsa yake. Da magariba ya sulalo ya shiga kangon nasa, ya ci abinci bai ɗaga kai ba.

"Dabara ce," ya gaya wa Salima. "Za ta aiko."

Hajiya ba ta aiko ba. Wanda ya zo shi ne Jibirilla, da magini a bayansa, suna auna inda za a fasa garun ɗakin Salima a fitar da ƙofar butik. Jibirilla kuwa sai yabo yake zubawa, wai irin wannan ginin an daina yin sa. Salima ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da sauƙi. Tabarmi ta fara naɗewa tana ɗaurewa da igiya, ta jera tukwane cikin kwali, in ya yi mata magana ta amsa da "to". A kasuwa kuma labari ya riga shi isa. Dillalai na ganinsa sai wani ya ɗaga murya, "Boyi, dawo mana a yi magana!" a fashe da dariya.

Da ya ji cewa ranar Juma'a Jibirilla zai kawo shaidu a ƙulla ciniki, Boyi ya shiga wurin Hajiya, wannan karon ba babbar riga. Ya same ta tana ware kwanukan da za ta tafi da su. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, na zo in ƙara a kan tayina."

"Ba tayinka ne ya dame ni ba, Boyi. Ka ce kango ne. Ni ina tsoron Allah, ba zan sayar wa maƙwabcina kango ba. Azaran nan da ka ce gara ta cinye, marigayi Alhaji maigidana da hannunsa ya ɗora su."

To fa. Bakin da tunda yake bai taɓa yabon abin da yake so ya saya ba, yau shi ake jira. Boyi ya yi gyaran murya, ya dubi garu.

"Garun dai... ba laifi."

"Ba laifi," in ji Hajiya, ta ci gaba da kwanukanta.

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake buɗe baki, muryar ba ta dillali ba ce.

"Hajiya, ƙarya na yi. Babu gara, ni ma na sani. A ɗakin can na gaba aka yi wa innata wankan gawa. Lokacin da aka kawo ta daga daji ba lafiya, tsoron rufin ƙasa take, tana cewa zai faɗo mata, ke kika riƙa zama da ita har ta saba. 'Ya'yana duk nan aka yanke musu cibi. Dajin da nake cewa zan koma, wallahi ba mai jirana a can, tsoro kawai nake ji in faɗa da bakina. In kika ba Jibirilla gidan nan, ban san inda zan ce ni ɗan can ne ba."

Hawaye suka zubo masa, bai ma share ba. Hajiya ta ajiye kwanon da ke hannunta, ita ma ta kai bakin mayafi ga ido.

"Kai dai Boyi, Allah ya shirye ka. To ka saya?"

"Na saya."

"Na sallama. Jibirilla ni zan ba shi haƙuri. Tashi ka je."

Ya tarar da Salima zaune a kan ƙullin tabarmi a tsakar gida. Ya gaya mata an gama, gida ya zama nasu. Ta dafe ƙirji ta yi hamdala, sannan ta ce, "A nawa aka tsaya?"

Boyi ya sosa ƙeya.

"Ban tambaya ba," ya ce.

Salima ta dube shi. Sannan ta sunkuya ta fara kwance igiyar.